Daga Kuɗin Cefane Zuwa Ragon Layya: Yadda Ma'aikaci Zai Yi Tattali Ya Ajiye Aiki da Sauran Ƙarfinsa

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa wajen tantance 'yan fansho ya ga abin da na gani. Dattawa jere kan benci tun sanyin asuba, kowa da fayil a hammata, wani na dogara sanda, wani jikansa ne ya ɗauko shi a babur. A irin wannan layi na fara raya wa kaina cewa ba na son in kai shekara 60 ina jiran sa hannun wani kafin a ɗora tukunya a gidana. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, malaman makaranta kuma dokar tarayya ta 2022 ta kai nasu 65 ko 40. Wannan iyakar ƙarshe ce kawai aka yanka. Babu wanda ya hana ka sauka da wuri, in ban da aljihunka.

A Amurka masu wannan ra'ayi suna da yawa, har laƙabi gare su, FIRE, wato samun 'yancin kuɗi da ajiye aiki da wuri. Sukan matse bakin aljihu shekara goma sha ko ashirin, su zuba abin da suka rage a hannun jari, su bar aiki suna 'yan arba'in. Ba duk dabarunsu ne za su zauna a Kano ko Gusau ba, don kuɗinsu ba ya narkewa kamar namu, kuma babu wanda ke aiko musu da ankon biki sau uku a wata. Amma gindin maganar ɗaya ne, kuma wurare biyu ne mai albashi ke da iko a kansu tun yau: abin da ake ci, da abin da ake kashewa a lokutan shagali. Kuɗin haya da na makaranta ba a rage su dare ɗaya. Na cefane da na Sallah kuwa a hannunka suke.

Mataki na farko: wata uku kana rubutu, ba ka rage komai ba

Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Duk abin da ya fita daga aljihunka ko na uwargida a rubuta shi a ranar, daga buhun shinkafa har zuwa ruwan leda da kuɗin markaɗe. Kada ka canza komai a wannan lokaci, so ake a ga halin gidan yadda yake. Idan ka fara ragewa tun makon farko, littafin zai nuna maka mutumin da kake son zama, alhali wanda kake nema ka gani shi ne wanda ke cinye albashin.

Tun kafin ka buɗe shafin farko ka zaunar da uwargida ka gaya mata inda aka dosa. Na ga gidajen da maigida ya wayi gari ya zaftare kuɗin cefane ba bayani, aka kwana biyu ana gaba, har magana ta kai ga iyaye, daga ƙarshe ya mayar da ƙari. Ita ce ta san yawan man da miya ke sha da kwanon da ake aunawa kullum. In ta ɗauki abin nata ne, za ta gano ɓarnar da kai ba za ka taɓa gani ba. In kuwa ke ce mai albashin, haka za ki yi da maigida, da 'yan aiki idan akwai.

Bayan wata ukun, buɗe wani shafi daban ka tuno shekarar da ta wuce: kayan azumi, ɗinkin ƙaramar Sallah, rago, goron Sallah, gudummawar biki da suna, anko, kuɗin mota zuwa gida. Yawancin mutane a nan suke riƙe baki. Cefanen yau da gobe ana jin fitarsa, amma waɗannan suna zuwa ne lokaci guda cikin murna, a rufe su da bashi, a manta. A nawa littafin, abin da ya tafi a waɗannan hidimomi ya kusa albashin wata huɗu.

Mataki na biyu: san nawa kake nema

Wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar ƙasarsu a 1994, ya nuna cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin 100 na jarinsa a shekarar farko, yana ƙarawa gwargwadon tsadar kaya, jarin ya riƙe shi aƙalla shekara 30. Daga nan aka samo ƙa'idar nan mai sauƙi: abin da kake kashewa a shekara, ka ninka shi sau 25.

Ga misali, lambobin na ƙaddara su ne don lissafi. Gida yana kashe naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara, sai hidimomin shagali miliyan 1.2. Jimla miliyan 4.2, sau 25 ya zama miliyan 105. Kada ka rufe shafin tukuna. A ce an rage 30,000 a wata daga abinci, an kuma rage 400,000 daga Sallah da bukukuwa. An tsira da 760,000 ke nan a shekara. Wannan ragi aiki biyu yake yi: ya ba ka 760,000 ta ajiya duk shekara, ya kuma sauke abin da kake nema da miliyan 19. Ƙarin albashi ba ya yin wannan, don da zarar ya shigo sai buƙata ta biyo shi.

Idan jari yana ba da ribar kashi 5 a kan tsadar kaya, mai ajiye kashi 10 na samunsa sai ya yi kimanin shekara 51 kafin ya tara abin da yake nema, mai ajiye kashi 25 shekara 32, mai ajiye rabi kuwa shekara 17. Sai dai wannan lissafin ƙasar da kuɗinta ke zaune ne. Mu nan, daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, na abinci ma ya haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Ga zakka, wadda ke ɗaukar kashi 2.5 duk shekara daga kuɗin da ya kai nisabi.

Saboda haka ni ba na auna burina da naira. Da buhu nake aunawa. Buhu nawa na masara, gero, shinkafa da wake gidan ke ci a shekara? Jarkar mai nawa? Kuɗin makaranta da magani daidai da buhu nawa ne? Ranar da abubuwan da ka mallaka suka iya kawo wannan adadi ba tare da albashi ba, kuma kana zaune a gidan kanka, ranar ka isa. Wannan ma'auni gwamnati ba ta iya karya darajarsa da sanarwa ɗaya.

Mataki na uku: tukunya

A nan zan daɗe, don nan ne aikin yake.

Fara da hatsi. Mai sayen kwano ɗaya-ɗaya a kantin unguwa shi ya fi kowa biyan tsada, gashi shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi ke shigowa kasuwa da yawa. Mutumin Kano ya san Dawanau, amma kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako sun fi sauƙi idan kana da wanda ya san gari. Tun watan Yuni ka fara ware wani abu duk wata da sunan kuɗin kaka, ko ka shiga adashe ka roƙi kwasarka ta faɗo a Nuwamba. In buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku uku ko huɗu a ofis ku saya ku raba. Ka sa a auna a gabanka, ka zura hannu har tsakiyar buhu, don ba kullum na sama ke kama da na ƙasa ba.

Ka sayi na cin gidanka kaɗai. Waɗanda suka ga tsadar 2024 suka ci bashi suka cika ɗakuna da masara don jiran riba sun sha mamaki a 2025, lokacin da farashi ya faɗo ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya ajiye na tuwonsa ko farashi ya sauka bai yi asara mai zafi ba, tuwo dai za a ci.

Ajiya ita ce rabin ribar. Hatsi ya bushe ƙayau kafin a ɗaure, a ɗora kan katako nesa da bango. Wake ne mai rigima. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, haka ma jarka mai murfi idan an cika ta taf an rufe gam. Kada ka yarda a zuba wa abincin 'ya'yanka fiya-fiya. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma kuɗin asibiti zai cinye duk abin da ka rage.

Sai kayan miya. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura da Ɗanja ya cika kasuwa, kwando kan yi arha har manoma su yi ta kuka. Da damina ta kawo kai sai ya koma abin gani a faranti. Iyayenmu sun warware wannan tun tuni da kauɗa: a yanka, a shanya kan tabarma mai tsabta a inda ƙura ba ta kai, a ɗura a buhu. Haka tattasai da attaruhu da kuɓewa. Wasu matan suna markaɗawa su dafa har ruwan ya ƙone, su ɗura a kwalba da zafinsa, su rufe su sake tafasa kwalaben. Albasa kuma a baza ta a wuri mai iska, ana cire wadda ta fara lalacewa. Dogara da firiji a garin da wuta ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba caca ce.

Yanzu ga maganar da ba kowa ke son ji ba. Cikin shekarun nan gidajen ma'aikata sun koma shinkafa da rana, taliya da dare, burodi da shayi da safe, kamar tuwo abin kunya ne. Waɗannan su ne abincin da farashinsu ke bin dala, musamman duk abin da aka yi da alkama, wadda yawancinta daga waje ake shigo da ita. Tuwon masara ko na dawa da miyar kuka da ta ji daddawa, ɗanwake, dambu da zogale, faten tsaki da rama ko yakuwa, garau-garau, koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗumame da safe: duk daga buhunan da ka riga ka ajiye suke fitowa. Ban ce a kori shinkafa ba. A gidana an tsayar mata da kwana uku a mako, da Juma'a kuwa a yi ta da kyau har yara su san Juma'a ce. Makonni biyun farko an sha ƙorafi, daga baya ɗanwaken Asabar ya zama abin da ake rigima a kansa.

Nama shi ne mai cin kuɗi. Watanda ta fi sayen tsoka a teburin mahauci kullum, in akwai amintattun abokai da wurin ajiya. Wake, awara, gyaɗa, ƙwai da busasshen kifi suna cike gurbin a sauran ranaku. Abin da ban yarda a taɓa ba shi ne abincin ƙananan yara, mai ciki, mai shayarwa, da tsofaffi. Wanda ya rage nan ya tafi neman ƙiba ya samo rama.

Akwai kuma cefanen da maigida ke yi wa cikinsa shi kaɗai, wanda ba ya son a rubuta. Shayi da ƙwai a teburin mai shayi, abincin rana a wajen aiki, lemon kwalba, tsire ko balangu a majalisa da dare. Lissafa na wata guda ka gani, sau da yawa ya kai kuɗin miyar gidan gaba ɗaya. Kula mai kyau da gorar zoɓo daga gida sun kashe wannan. Za a yi maka dariya a ofis na kwana uku, a na huɗu wani zai miƙo cokali.

Wuta ma abin lura ce. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a dafa miyar kwana biyu lokaci guda idan yanayi ya yarda. Abin da ke daɗewa a wuta kamar ganda ko wake a ɗora a gawayi, gas a bar shi ga mai saurin nuna. Sannan a dubi kwanon wanke-wanke da dare: in kullum ana zubar da abinci, awon ya yi yawa, a rage gwangwani ɗaya. Kwanon almajiri da na maƙwabci kuwa a auna su cikin girki tun farko, sadaka ce da aka yi niyya, ba ta cikin ɓarna.

Mataki na huɗu: azumi da Sallah biyu

Abin mamaki ne a ce watan da ake cin abinci sau biyu shi ne ya fi kowane wata cin kuɗi. Kala bakwai a kan tabarma, ciki kuwa bayan dabino da kunu da ƙosai ya riga ya rufe. Ku tsayar da kala biyu ko uku. Gero, sukari, mai da dabino a saye su tun Rajab ko farkon Sha'aban, kafin kowa ya ruga kasuwa. Zakkar fid-da-kai, mudun Annabi huɗu kan kowane mutum, daga hatsin kaka za ta fito ba tare da ka nemi ko sisi ba.

Kayan Sallah ana sayensu ne lokacin da Kantin Kwari ba cunkoso, wata uku ko huɗu kafin azumi, a kai wa tela tun yana hamma a shago. Wanda ya kai ɗinki a goman ƙarshe zai biya ninki, ya kwana a shagon tela daren Sallah, wataƙila ma ya je Idi da tsohuwar riga. Yara a yi musu sabo, kala ɗaya mai kyau, don ranarsu ce. Kai babba, shaddar bara in ta sha wanki da bugu babu mai tambayar shekarunta. Kuma ba dole ne a yi sabon ɗinki a duka Sallolin ba, tsakaninsu wata biyu ne da 'yan kwanaki.

Rago shi ne babban gwaji. Layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali, malaman Malikiyya ma sun ce ba a neman ta ga wanda kuɗinta zai takura shi a buƙatun shekararsa. Abin da ake nema dabba ce lafiyayya da ta kai shekaru, babu inda aka ce sai ƙahonta ya fi na maƙwabci murɗewa. Amma a unguwanninmu rago ya zama allon sanarwa, ana ɗaure shi a ƙofar gida don masu wucewa. Hausawa sun gama magana da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen ɗan rago wata biyar ko shida kafin lokaci, a kasuwa irin ta Wudil, Maigatari ko Mai'aduwa, a kiwata shi da dusa, ƙowa, harawa da sauran abincin gida, a yi masa allura da maganin tsutsa. In gidanka ba fili, a bar shi wurin ɗan'uwa a ƙauye bisa yarjejeniya bayyananna. Wasu suna kiwon biyu, su sayar da ɗaya ana jibi Sallah, kuɗinsa ya biya na ɗayan. Akwai kasada, dabba tana mutuwa kuma ana sata, ni ma na taɓa wayar gari na tarar da igiya kaɗai. Duk da haka in ka haɗa shekaru biyar, mai kiwo ne a gaba. Game da haɗa kuɗi mutum bakwai a sayi sa, mazhabobi da dama sun halatta, Malikiyya kuwa ba su yarda da tarayya a kuɗin layya ba, don haka ka bi abin da malaminka ya karantar da kai. Tunkiya ko akuya ma layya ce.

Goron Sallah da toshi a yanke musu adadi tun kafin ranar, a sa a ambulan. In ya ƙare ya ƙare.

Biki, suna da tafiya

Anko haraji ne da babu majalisar da ta zartar. Mace ɗaya za ta iya samun biki shida a shekara, kowanne da atamfa ko leshi, ɗinki, gwaggwaro da gudummawa. Ku yi ƙa'ida a gida: ankon 'yan'uwa na jini kaɗai za a yi, sauran a je da kayan da ake da su, a ba da gudummawa daidai ƙarfi. Gudummawar ita ce ke taimakon mai biki, ankon kuwa mai shago yake taimako. Zumunci da ƙafa ake yinsa, kuma wanda ya zo ya yini yana ɗaukar kujeru an fi tuna shi da wanda ya zo cikin anko ya ɗauki hoto ya tafi.

Tafiya gida da Sallah, in aiki ya bari, a tashi kwana huɗu ko biyar kafin tasha ta cika kuɗin mota ya ninka. Wasu iyalan sun mayar da ziyarar ƙauye lokacin hutun makaranta na kaka, su dawo da hatsinsu a mota ɗaya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Hutun yara kuma ba ya buƙatar jirgi. Yaro nawa ne a Kano bai taɓa hawa Dala ba, bai shiga Gidan Makama ba, bai ga marinar Ƙofar Mata ba? Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, ga kallon hawan Sallah da ba a biyan ko kwabo. Yankari ma, in an haɗu gida biyu a mota ɗaya da abinci a kula, an tabbatar da lafiyar hanya, ba ta fi ƙarfin ma'aikaci ba sau ɗaya a shekara biyu.

Aikin Hajji daban ne, farilla ce sau ɗaya ga mai iko, kuma kujerar 2025 ta haura naira miliyan 8. A ba shi asusunsa tun da wuri, akwai ma tsarin adashin gata da hukumar alhazai ta ƙasa ta buɗe a 2020. Umara duk azumi kuwa, ga mai albashin da bai mallaki gida ba, shawarata ita ce a jinkirta.

Mataki na biyar: inda kuɗin zai kwana

Kuɗin da aka rage aka bari a asusun albashi ba a rage shi ba, wani zai zo da larura ranar 18 ga wata. Ranar da albashi ya shigo, a ranar za a fitar da kason ajiya zuwa wani wuri da ba ka da katinsa a aljihu.

Fara da biyan duk bashin da ke kanka, musamman na manhajojin waya masu ruwa. Sannan ka tara abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida saboda rashin lafiya ko jinkirin albashi. Hukumar NDIC tun 2024 tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, ga kuma bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa irin su Jaiz, TAJ da Lotus.

Abin da ya haura wannan bai kamata ya zauna a naira ba. Matsuguni na kanka shi ne farko, ko ɗaki biyu ne a bayan gari, da takardu sahihai. Sai gona: kundin tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma. Gonar da za ta ba ka hatsin shekara ta cire kaso mafi girma daga lissafin buhunan nan. Sai abin da ke kawo kuɗi a kai a kai, kamar shago ko ɗakunan haya, kiwo, da Sukuk, takardar zuba jari marar kuɗin ruwa ta gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara. Mata sun daɗe da sanin sirrin gwal, ba ya haihuwa amma ba ya narkewa. Kada a zuba duka a wuri ɗaya, gona tana gamuwa da fari, ɗan haya yana ƙin biya, Sukuk kuma tsadar kaya tana iya cin ribarsa.

Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda, tuna tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin jama'a, MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Kafin ka miƙa wa kowane kamfani kuɗi, duba ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar hannun jari. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mataki na shida: kafin ka rubuta takarda

Ka san dokar fanshonka. A tsarin tarayya na dokar 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashi, mai aiki kashi 10, a asusun da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke sa wa ido, kuma tun 2021 akwai asusu na shida ga masu gudun kuɗin ruwa. Amma ba a buɗe maka shi gaba ɗaya sai ka kai shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin nan, in ya yi wata huɗu bai sami wani ba, kashi 25 kaɗai zai iya cira. Ke nan mai son sauka a 45 dole ya tanadi abin da zai ci na shekara biyar ba tare da fansho ba. Jihohi irin su Kano da Jigawa suna da nasu tsarin daban, je ofishin fansho da kanka ka tambayi mafi ƙarancin shekarun da ake buƙata da abin da sauka da wuri zai rage maka. Kuma kada ka sa giratuti cikin lissafin shekarar farko, an ga waɗanda suka yi shekaru suna jiransa.

Inshorar lafiya tana tafiya da aikin, sai ka nemi shiga ta ƙashin kanka a hukumar jiharku ko ta ƙasa. Ka kuma zauna ka jera manyan hidimomin da ke tafe da shekarunsu: wane yaro zai shiga jami'a yaushe, wace yarinya za a yi wa kayan ɗaki, iyaye da ƙannen da ke kanka. Kowanne a ba shi nasa tanadin daban da na ci da sha.

Sai gwajin ƙarshe, wanda na fi yarda da shi a kan kowane lissafi. Shekara guda cur kana zuwa aiki, amma kada ka taɓa albashin, a tura shi duka wurin ajiya. Gidan ya rayu da gona, haya, kiwo da ribar jari kaɗai, shekarar da ta ƙunshi azumi, Sallah biyu, kuɗin makaranta zango uku da damina. In ka kai ƙarshenta ba ka ci bashi ba, ba ka sayar da kadara ba, to rubuta takardar, ka ba da wa'adin da ƙa'idar aikinka ta tanada, ka karɓi kwafin duk takardun fayil ɗinka kafin ranar ƙarshe. In kuwa a watan bakwai ka miƙa hannu cikin albashin, koma littafin ka nemo shafin da ya ɓalle, ka gyara, ka sake gwadawa daga kaka mai zuwa.